Tulu da Amshi: Nazarin Waƙoƙin Zumuntar Mata a Nguru da Gashuwa

Layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, a nan kuma ya tsaya. Gyaɗa da ƙaro da fatu ne suka jawo shi, shi kuma ya jawo mutane: ma'aikatan reluwe, akawuna da masu shaguna, Ibo da Yarabawa da mutanen ƙasar Binuwai, da yawansu Kiristoci. Gashuwa, hedikwatar masarautar Bade da ke gabas a bakin kogin Yobe, ta samu nata rabon ta hanyar mishan ɗin SIM, wanda ikkilisiyar ECWA ta fito daga cikinsa a 1954. Daga baya aiki ya kawo malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda daga kudancin Borno da Adamawa da Filato, sannan ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a 2013.

Kiristocin waɗannan garuruwa biyu 'yan ƙalilan ne a tsakanin Mangawa da Badawa da Hausawa da Fulani Musulmi, kuma ba harshensu ɗaya ba. Babur da Margi da Karekare da Ngizim da Angas, idan suka haɗu a majami'a ɗaya, Hausa ce ke haɗa su. Da ita suke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa a 1932, da ita kuma suke waƙa. A cikin dukan abin da suke rerawa, waƙoƙin Zumuntar Mata ne suka fi ɗaukar nauyin baƙin cikin shekarun nan, ko da yake su ne masana suka fi yi wa kallon hadarin kaji.

Shekarun kuwa ba su zo da sauƙi ba. Ranar 4 ga Nuwamba 2011 aka kai wa Damaturu harin da ya ci rayuka fiye da 100, aka ƙona majami'u a unguwar da ake kira Jerusalem. A farkon Janairu 2012 Boko Haram ta ba 'yan Kudu wa'adin kwana uku su bar Arewa, motoci suka riƙa fita cike da iyalai da katifu. A Mayu 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa, aka katse layukan waya na tsawon makonni, uwa ba ta san halin da ɗanta yake ciki a Potiskum ko Maiduguri ba. Sai Dapchi, da ke kan hanyar Gashuwa zuwa Damaturu, inda aka sace 'yan mata 110 ranar 19 ga Fabrairu 2018. Da aka dawo da yawancinsu a watan Maris, an riƙe Leah Sharibu saboda ta ƙi barin addininta. Nguru da Gashuwa ba su ga irin ɓarnar da Gujba ko Buni Yadi suka gani ba, kuma Musulmi ne suka fi yawa cikin waɗanda wannan yaƙi ya kashe a jihar Yobe. Amma ƙaramar ikkilisiya da rabin kujerunta suka koma babu kowa ta san irin nata rashin. Ga ciwon ƙoda da ya daɗe yana ɗibar mutanen Gashuwa ba tare da tambayar addininsu ba, ga ambaliyar 2022 da ta cinye gidaje da gonaki.

Zumuntar Mata ƙungiya ce ta matan aure da gwauraye da ake samu a kusan kowace ikkilisiya mai sujada da Hausa, ECWA ce ko EYN ko COCIN ko Angalika ko Katolika. Suna da zanensu na anko, da ranar taronsu a tsakiyar mako, da asusunsu. Kayan kiɗansu ba su wuce abin da ake samu a tsakar gida ba: tulu da ake bugun bakinsa da soso ya ba da amo mai zurfi, ƙananan tukwane, caki, ƙarfen da ake ƙwanƙwasawa, wani lokaci da ganga. Duk wanda ya san abin da gudun hijira ke nufi zai gane amfanin wannan. Idan aka ƙona majami'a, piyano da lasifika sun tafi ke nan, sai an yi shekaru ana tara baiko kafin a maye su. Tulu kuwa ana samunsa a kasuwar ko wane gari aka sauka.

Amma asirin waɗannan waƙoƙi a gininsu yake. Littafin Waƙoƙi da mishanoni suka bari fassara ce ta waƙoƙin Ingila da Amurka, da karin sautinsu na asali. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon wasali da gajere, don haka sau da yawa sautin Bature yakan ja kalma zuwa inda bakin mai magana ba zai kai ta ba. Tsofaffi suna ƙaunar waɗannan waƙoƙi, suna da hakkin haka, domin da su aka binne iyayensu. Sai dai waƙar matan zumunta daga wani gida ta fito, gidan waƙar daka da niƙa da gaɗa da reno. Muryar tana bin kalmar, shi ya sa ko wadda ba ta iya karatu ba takan kama ta a ji biyu. Ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa, waɗanda suka bazu tun shekarun 1960, su ma sun taimaka wajen sa kiɗan gargajiya ya samu wurin zama a gaban bagade.

Sannan ga amshi. Mace ɗaya ce ke bayarwa, sauran su karɓa da ɗan gajeren layi da ake maimaitawa. Mai bayarwa tana da 'yancin ƙara abin da ta ga dama: ta ambaci marayu, ta ambaci waɗanda ke daji a hannun mahara, ta ambaci mai jinya a asibiti. Wadda aka yi wa rasuwa ba a neman ta ce komai. Tana iya tsayawa a layin baya bakinta a rufe, waƙar ba za ta faɗi ba, domin wasu na riƙe da ita. Wata rana sai a ji ta shiga amshi, can gaba kuma ta karɓi caki. A ganina wannan ne babban aikin da salon yake yi, kuma babu wa'azin da zai iya yin sa, domin wa'azi mutum ɗaya ke magana saura na saurare. A nan kuwa an bar wa mai makoki ƙofa a buɗe, ta shigo da ƙafarta a lokacin da zuciyarta ta yarda.

Ba a raba waƙar da hidimar da ke biye da ita. Matan da suka rera a jana'iza su ne ke kwana a gidan makoki, su ɗora tukunya, su haɗa gudummawar hatsi da sabulu, su sa gwauruwa cikin adashi ko su koya mata ɗinki da saƙa. Shi ya sa idan suka rera cewa Ubangiji mai kula da gwauraye ne, wadda ake yi dominta ba ta jin maganar a matsayin alkawarin nesa. Duniya ta ɗan leƙa wannan al'ada a 2015, lokacin da mawaƙan Zumuntar Matan EYN suka zagaya Amurka, watanni kaɗan bayan mahara sun mamaye hedikwatar ikkilisiyarsu a Kwarhi a Oktoba 2014, kuma galibin 'yan matan Chibok da aka sace 'ya'yan wannan ikkilisiya ne. Abin da Amurkawa suka gani a kan dandamali shi ne ake yi kowane mako a ƙananan majami'u ba tare da kyamara ba.

Duk da haka akwai inda nake ganin salon ya gaza, kuma ƙauna ce ta sa zan faɗa. Waƙoƙin suna saurin kai wa ga godiya. Jigoginsu sanannu ne: haƙurin Ayuba, Daniyel a ramin zakoki, duniya ba gida ba ce, gargaɗi ga mata su riƙe aurensu. Da wuya a ji wadda ta tsaya ta tambayi Allah dalili, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne da ƙorafi, akwai kuma littafi sukutum mai suna Makoki. Tarbiyyar kunya da dauriya da aka yi wa matan Arewa, Musulmi da Kirista, ta haɗu da koyarwar da ke ɗaukar yawan kuka a matsayin raunin bangaskiya. Sakamakon shi ne uwar da ba ta ga gawar ɗanta ba, ba ta kuma san ko yana raye ba, ana miƙa mata waƙar nasara tun ba ta samu wadda za ta faɗi abin da ke cin ranta ba. Masu tsara waƙoƙin nan suna da gwanintar da za su cike wannan giɓi, idan fastoci da dattawan ikkilisiya suka daina ɗaukar tambaya a matsayin saɓo.

Matsala ta biyu ta adana ce. Yawancin waƙoƙin ba a rubuce suke ba, ba a kuma san masu su ba. Wata ta tsara a Gashuwa, a ji ta a babban taron mata na shekara, ta bi bakin mahalarta zuwa Potiskum da Jos, sunan mai ita ya ɓace a hanya. Mawaƙan bishara na zamani irin su Panam Percy Paul da Solomon Lange suna da faya-fayai da sunansu a jiki, kuma matasa sun fi karkata ga piyano da jita, har a wasu wurare ƙarar na'ura takan danne tulun. Waƙoƙin da aka tsara tsakanin 2011 da 2018 tarihi ne na yadda mutane suka ji wannan yaƙi a jikinsu, kuma suna cikin kawunan matan da shekaru ke cim musu. Wayar hannu ɗaya da littafin rubutu sun isa a fara ɗaukar su, tare da sunan wadda ta tsara da shekarar da abin da ya faru. Aiki ne da sakatariyar kowace zumunta za ta iya somawa, ɗaliban harsuna da tarihi na Gashuwa kuma su taya ta.