Wace Ƙasa Mawaƙi Yake Kishi?

A waƙar "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", ƙasar da Sa'adu Zungur yake kishi ita ce Arewa, kuma gargaɗi ya yi mata maimakon kirari. Nan ya sha bamban da Rupert Brooke na Ingila, wanda waƙarsa ta soja ta 1914 yabon ƙasa ce zalla. Shi kuwa Claude McKay na Jamaika, a 1912 ya fitar da waƙoƙinsa cikin karin harshen manoman ƙasarsa. Abin da Zungur bai yi ba ke nan. Da sarakuna da 'yan boko yake magana. Manomin Makoɗa, wanda "ƙasa" a bakinsa gonar gero ce tun kafin ta zama tuta, ba a ji muryarsa ba.