Sharhi a Kan Yadda Ake Fassara Sunayen Mazubai na Ingilishi

Wannan ɗan sharhi ya shafi wata al'ada da ta zama jiki a jerin kalmomin da ake ba ɗalibai, wato a ɗauki kalmar Ingilishi guda a ajiye mata kishiyarta guda ta Hausa, a ce "pot" tukunya ce, "bottle" kwalba, "box" akwati. Hanyar tana da sauƙin hadda, amma a fannin sunayen mazubai takan kai ɗalibi ga kuskure.

Dalili shi ne, ba da ma'auni guda Ingilishi yake rarrabe mazubai ba. Wani lokaci siffa ake dubawa: "bottle" tana da siririn wuya, "jar" kuwa faffaɗan baki gare ta da murfi, irin wadda ake zuba zuma, alhali Bahaushe kwalba yake ce wa duka biyun in na gilashi ne. Wani lokaci kuma ƙasa ce ke yanke hukunci. Gwangwanin tumatir "tin" ne a bakin mutumin Ingila, "can" a bakin mutumin Amurka. Abin zuba ruwa mai mariƙi da ɗan leɓe "jug" ne a Ingila, "pitcher" a Amurka. A ɗaya gefen, kalmar "pot" takan haɗiye abubuwan da Hausa ta bambanta sarai, kamar tukunyar girki, da tulun ɗaukar ruwa, da randar ajiye shi, har da butar shayi.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A shekarar 1973 William Labov ya nuna wa mutane zane-zanen mazubai masu kama da kofi, waɗanda suka bambanta a faɗi da zurfi. Ya tarar suna sauya sunan abu guda tsakanin "cup" da "bowl" da "vase" gwargwadon abin da aka ce yana ciki, ko gahawa, ko dakakken dankalin turawa, ko furanni. Aikin ya tabbatar da cewa amfani yana da hannu wajen raɗa suna, sai dai bai wuce harshe guda ba. Barbara Malt da abokan aikinta sun cike wannan giɓi a 1999, inda suka gwada mazubai 60 a kan masu magana da Ingilishin Amurka, da Sinanci, da Sifaniyancin Ajantina. Sun gano cewa mutanen kusan iri ɗaya suke ganin kamannin kayan, amma kowane harshe da inda yake shata iyakar sunayensu.

Idan aka auna ƙamusoshi da wannan ma'auni, za a ga ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya yi zurfi wajen bayyana kalmomin Hausa, amma sashensa na Ingilishi zuwa Hausa taƙaitaccen jeri ne kawai, wanda ba zai isar wa mai neman zaɓi tsakanin kalmomi makusanta ba. Ƙamus ɗin Roxana Ma Newman na 1990 ya fi amfani a nan, domin yana rarraba ma'anonin kalma tare da misalai.

Ga ɗalibin Nijar abin ya fi tsanani, tunda ta Faransanci yake shiga Ingilishi. Kalmar "boîte" ta haɗa akwati da gwangwani, saboda haka sai ya kira gwangwanin madara "box". Haka kuma "pot" na Faransanci da ake zuba zuma "jar" ne a Ingilishi, ko da yake rubutun kalmar bai bambanta ba a harsunan biyu. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya yi irin wannan kuskure a takardar odar kaya, ba maki zai rasa ba, kuɗi zai yi asara.

Don haka ya kamata masu tsara ƙamus da littattafan makaranta su riƙa faɗin abubuwa huɗu game da kowane mazubi: siffarsa, da abin da aka yi shi da shi, da abin da ake zubawa a ciki, da ƙasar da ake amfani da kalmar. Ɗan zane a gefen kalma zai taimaka ƙwarai. Aikin zai ƙara wa littafi kauri, amma ɗalibi zai san inda zai ce "jar" da inda zai ce "bottle".