Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Tarken Rubuce-rubucen Ɗalibai A Kan Tsaunukan Idanre

A zangon karatun da ya gabata ne ɗaliban wannan sashe suka yi ayari zuwa Idanre, wani gari a Jihar Ondo mai nisan kilomita 20 da 'yan kai daga Akure, domin su hau tsaunukan da suka yi wa garin ƙawanya. Kafin a tashi an gindaya musu sharaɗi cewa kowa ya dawo da abin da alƙalaminsa ya samo, ko waƙa ko labari ko bayani. Rubuce-rubuce 17 ne suka iso hannun kwamitin wannan mujalla: waƙoƙi 11, gajerun labarai 4, da bayanin tafiya guda 2. Da yake ina cikin ayarin, kuma ni aka ɗora wa nauyin tace su, na ga ya dace in yi tsokaci a kansu gaba ɗaya ba tare da ambaton sunan kowa ba, saboda lalurar da na gani a cikinsu ta gama-gari ce, kuma ta girme su duka.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, mai hawa Idanre yana taka matakala fiye da 600, da wuraren hutawa 5 a tsakani. In ya kai sama sai ya tarar da kufan tsohon gari, wanda mutanen wurin ke kira Oke Idanre. Ga tsohuwar fadar sarkinsu, wato Owa, da ginshiƙanta sassaƙaƙƙu, ga tsohuwar kotu, ga ginin makaranta na laka. A nan kakanninsu suka zauna ɗaruruwan shekaru, sai daga shekarun 1920 zuwa farkon shekarun 1930 suka sauko ƙasa. In mutum ya leƙa daga bakin gangare zai hango sabon garin a kwance cikin kwari, rufin kwanonsa ya yi ja saboda tsatsa, gonakin koko na kewaye da shi. A 2007 aka sa wurin cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Wannan shi ne abin da ɗalibai 17 suka taka da ƙafafunsu.

To, da na gama karanta waƙoƙin sai na yi musu wani ɗan gwaji. Duk inda na ga kalmar Idanre sai in soke ta, in sa Dala ko Zuma ko Kufena a gurbinta, in sake karantawa. Waƙoƙi 9 cikin 11 ba su ko girgiza ba. Kari bai karye ba, ma'ana ba ta jirkita ba, babu ɗango guda da ya tashi ya ce wannan siffa ba ta Dala ba ce. An buɗe da yabon Ubangiji kamar yadda aka gada, an kamanta tsauni da giwa, an kamanta shi da ango, wani ma ya mutuntar da shi ya ce yana murmushi. Kalmomin ni'ima da annashuwa da ƙayatarwa kuwa sun sha wuya, don kusan kowane baiti sai an aike su. Ba a ga matakala ba, ba a ji haki ba, kufan da ke sama ma waƙa ɗaya ce kurum ta ambace shi, shi ma don neman amsa-amo. Marubutan nan sun hau tsauni, amma waƙoƙinsu a gindinsa suka tsaya suna hange.

Ɗango ɗaya ne ya tsira a gwajin, inda wani ya kira tsaunin da "mai sa wuyan baƙo ciwo". Kirari ne, amma kirarin wanda ya tsaya a tsakiyar garin ya ɗaga kai gabas da yamma, kudu da arewa, ya ga ko'ina dutse ne. Ba za a faɗi haka ga Dala ba, wadda yaro ke hawa da gudu. Da mai waƙar ya bi wannan zare da ya saƙa abin kirki, sai dai a baiti na gaba ya koma ga giwa.

Ban ɗora wa ɗaliban laifin duka ba, domin abin da suka tarar a adabinmu ke nan. In aka duba da kyau, dutse yana shigowa adabin Hausa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ƙofar kirari. Makaɗan fada sun daɗe suna siffanta sarki da dutse ko tsauni ko fa, wato abin da ba ya kawuwa, wanda mai karo da shi kansa yake cuta. A irin wannan salo babu ruwan makaɗi da launin dutsen ko abin da ya tsiro a jikinsa, ƙarfinsa kawai yake aro ya yafa wa ubangidansa. Haka kirarin Kano ba ya cika sai an ambaci Dala da Gwauron Dutse, amma a matsayin tambari suke zuwa. Karin maganar da na yi wa wannan takarda take da ita ma daga nesa take kallon Dala, alama ce ga matafiyi cewa da sauran tafiya.

Ƙofa ta biyu ita ce ta al'ajabi. A tatsuniya da ƙissa, dutse gidan iskoki ne da dodanni da waliyyai. Littafin tarihin Kano ya zaunar da Barbushe a bisa Dala, ya ce shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura. Abubakar Imam, a cikin Ruwan Bagaja wanda ya shiga gasar 1933, ya sa gwarzonsa ya gamu da tsoho mai ibada a kogon dutse, daga nan hanya ta buɗe masa. Wannan dabara ta yi wa Imam aiki, don irin labarin da yake bayarwa ke nan. Amma shekaru 90 da wani abu bayan haka, uku daga cikin gajerun labaranmu huɗu sun je Idanre da rana tsaka, cikin motar haya, da ruwan leda a hannu, sun dawo mana da aljani a kogo. Ɗaya daga cikinsu ya gauraya aljanin da saurayi da budurwa masu ɗaukar hoto, har tsaunin ya zama tamkar labulen nan mai zanen furanni da ake ratayawa a shagon mai hoto.

Akwai kuma wata waƙa da ta bi ta wata hanya dabam. Ga alama mai ita ya karanta doguwar waƙar Wole Soyinka mai suna Idanre, wadda ta fito a 1967, inda ya mai da tsaunukan dandalin Ogun, gunkin ƙarfe na Yarabawa. Sai ɗalibinmu ya ɗebo Ogun da tsawa da walƙiya ya zuba cikin ƙwar biyar. Soyinka da Ogun ya tashi, ya san abin da yake nema a wurinsa. Namu kuwa rigar aro ya sa, ga ta har ƙasa tana jan ƙura.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Bahaushe bai kamata ya zama baƙo a kufan bisa dutse ba. Tun a 1970 Abdullahi Smith ya ja hankalin masu nazari ga yadda duwatsu irin su Dala da Kufena da Turunku suka zama cibiyoyin da jama'a suka taru a kewayensu har birane suka kafu. Mutanen Kwatarkwashi a Zamfara tarihinsu a jikin dutsensu yake. A Birnin Kudu akwai zanen shanu marasa tozo a jikin duwatsu, da duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar kuge, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Neman tsaro yana cikin manyan dalilan da suka kai mutanen Idanre sama, kamar yadda ya kai wasu daga cikin kakanninmu, kuma lafawar yaƙe-yaƙe da buɗewar hanyoyin ciniki su suka sauko da su. Ke nan akwai ƙofa ta uku da adabinmu bai cika bi ba, wato dutse a matsayin gida, inda aka yi daka da niƙa, aka yi haihuwa da jana'iza, daga bisani aka rufe ƙofa aka gangaro.

Mutum ɗaya ce ta bi ta wannan ƙofa, wata ɗaliba 'yar aji biyu, a cikin gajeren labari na huɗu. Zubinsa mai sauƙi ne. Silifas ɗin mai ba da labarin ya tsinke a wurin hutawa na uku, ayari ya wuce ya bar ta. Ta zauna kusa da wata tsohuwa mai sayar da ruwa da goro. Ba ta jin Yarabanci sai gaisuwa, tsohuwar ba ta jin Hausa sai ƙirgan kuɗi. Da nuni da hannu tsohuwar ta fahimtar da ita cewa a can sama aka haifi mahaifiyarta. Daga nan yarinyar ta riƙe takalmin a hannu ta ci gaba da hawa, matakala na ƙona mata tafin ƙafa, kuma tambaya ɗaya ce ke yawo a ranta: kafin a yi wannan matakala, mace mai tsohon ciki ta yaya take hawa da kaya a ka? Da ta isa kufan ba ta bi sauran ɗalibai wurin leƙen gari ba. Ta tsaya a jikin katangar makarantar, ta shafa lakar, ta tuna kakarta da ke ba ta labarin wani tsohon mazauni a gindin dutse a ƙauyensu na Zamfara, wanda ita ba ta taɓa gani ba, kuma rabon iyayenta da zuwa can tun da 'yan bindiga suka addabi yankin.

Ƙarfin labarin yana cikin tsinkewar takalmin. Da wannan ƙaramar dabara marubuciyar ta raba tauraruwarta da hayaniyar ayari, ta rage mata sauri, ta tilasta mata duban ƙasa. Mai tafiya ba takalmi ya san inda dutse ke da kaushi da inda yake da santsi, ya san bambancin zafin hantsi da na azahar. Hirar da aka yi ba da baki ba ita ma an sarrafa ta da hankali, don marubuciyar ba ta yi wa tsohuwar ƙaryar jawabi ba, abin da hannu zai iya nunawa kaɗai ta bari ta faɗa. (Ni kaina a wurin hutawa na huɗu gwiwa ta ce mini a dakata, na kuma zauna kusan rabin sa'a, amma ban dawo da ko layi ɗaya ba. Saboda haka ina wannan tarke ne da 'yar kunya.)

Wannan batu na kakarta bai kamata a wuce shi da sauri ba. Da yawa daga cikin ɗalibanmu a Sabon Ibadan ko Shagamu ko Agege aka haife su, Kufena a littafi suka san ta. Waɗanda suka zo daga Arewa kuma, musamman Zamfara da yammacin Katsina da Birnin Gwari, sun san akwai duwatsun da yaro ke zuwa kiwo a da, waɗanda rashin tsaro na shekarun nan ya raba mutane da su. Tsofaffin da suka san sunan kowane kogo da kowace tsaga suna ta ƙarewa. Marubucin da ya saba kallon dutse a matsayin giwa ko gidan aljani, ranar da ya sami sukunin komawa ƙauyensu ba zai san abin da zai tambaya ba.

Duk da haka labarin yana da nasa rauni. Na farko shi ne ƙarancin kalmomi. Na ƙirga kalmar dutse sau 31 a shafi huɗu, alhali Hausa ba ta yi talaucin haka ba. Muna da tsauni da tudu da hayi, muna da fa ga shimfiɗaɗɗen dutse, muna da kogo da tsaga da kwazazzabo da mashigi, muna da gindi da ƙololuwa da gangare. Wurin da ta zauna da tsohuwar da wurin da ta leƙa gari ba siffarsu ɗaya ba, bai kamata su yi tarayya a suna ba. Wannan aibi ya game rubuce-rubucen 17 duka, har da bayanan tafiya guda biyun, waɗanda ba su wuce lissafin lokacin tashi da na isa da abin da aka ci a hanya ba.

Rauni na biyu ya fi na farko nauyi. Labarin ya kai ƙarshensa a daidai inda ta cire hannu daga katangar, ta ga jar laka a tafinta. Maimakon ta ajiye alƙalami, sai ta ƙara sakin layi guda tana yi mana wa'azi a kan haɗin kan ƙasa da muhimmancin riƙo da al'ada, da irin muryar da ake rufe muhawarar makarantun sakandare. Abin da lakar ta riga ta faɗa a hankali, shi aka dawo ana shela da lasifika. Na kira ta na ba ta shawarar ta soke wannan sakin layi. Ta ce mini, cikin ladabi, malaminsu na farko ya koya musu cewa labarin da babu darasi a ƙarshensa tatsuniyar banza ce, don haka tana roƙon a bar mata shi. Kwamiti ya bar mata, kuma labarin yana cikin wannan fitowa yadda ta rubuta shi.