Littafin Steinbeck Da Jiragen Da Suka Ratsa Kano

A shekarar 1942, ana tsakiyar yaƙin Hitila, hukumar mayaƙan sama ta Amurka ta nemi wani shahararren marubuci, John Steinbeck, ya rubuta mata littafi a kan yadda ake horar da samarin da ke shiga manyan jirage masu jefa bom. Ya zaga sansanonin horo tare da wani mai ɗaukar hoto, John Swope, ya dawo ya rubuta littafin da ya sa wa suna Bombs Away, watau kalmar da mai sakin bom yake faɗa wa 'yan'uwansa in ya saki kayansa. Wannan littafi muke so mu duba tare da ku yau, ya ku 'yan makaranta, mu ga abin da ya faɗa daidai, mu kuma ga abin da ya yi shiru a kai. Kada ku ce ina ruwan ɗan manomin Ɓichi ko Ɗambatta da jirgin Amurka, gama irin jiragen da yake zance sun sauka sun sha mai a Kano.

Ga yadda abin ya faru. Tun 1925 jiragen sama suka fara sauka Kano, sa'ad da jiragen Ingilishi uku suka zo daga Masar. Da yaƙi ya tsananta, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, sai a watan Satumba na 1940 Ingilishi suka buɗe wata hanya: a kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Hartum, har Alƙahira. Jirage fiye da 5,000 suka bi ta nan. Da Amurka ta shiga yaƙin, manyan jiragenta masu inji huɗu suka riƙa ƙetare teku daga Barazil su faɗo Ankara ta ƙasar Gana, su kama wannan hanya. Filin jirgin kuwa yana arewa da birni, gab da gonakin Ungogo, saboda haka manoman wannan yanki sun sha jin ruginsu suna tsakiyar noma.

Jirage iri biyu Steinbeck ya bayyana, B-17 da B-24. Bari mu tsaya a kan na biyu, wanda ake kira Liberator, domin ya yi aiki ƙwarai a yaƙin arewacin Afirka. Kamfanin Consolidated ya ƙera shi, ya fara tashi ranar 29 ga Disamba 1939, kafin a gama yaƙi kuwa an ƙera fiye da 18,000. A ma'aikatar Ford ta Willow Run har an kai ga fitar da kusan jirgi ɗaya kowace sa'a a 1944. Daga bakin fiffike zuwa baki ƙafa 110 ne. Injinsa huɗu, kowanne da ƙarfin doki 1,200, wutsiyarsa kuma biyu. Asirinsa yana ga fiffiken nan, dogo siriri, wanda iska ba ta cika turje masa ba, don haka yakan yi tafiya mai nisa da kaya mai nauyi, har laba 8,000 na bom in wurin ba shi da nisa ƙwarai.

Inda littafin ya ciri tuta shi ne wajen bayanin mutanen cikin jirgin. Kafin Steinbeck, masu ba da labarin yaƙin sama matuƙi kaɗai suke yabo, sai ka ce shi ɗaya ke ciki. Shi kuwa ya ba kowa babinsa: mai sakin bom, da maharbi, da jagora mai lissafin hanya, da matuƙi, da makanike, da mai wayar iska. Ya ɗauki samari, wani daga gona, wani daga gareji, ya bi su tun ranar da suka shiga har ranar da suka zama ƙungiya guda. Ya nuna cewa matuƙi ba ya iya gano gari cikin duhu sai da jagora, jagora ba ya komowa gida in makanike ya yi sakaci, dukkansu kuwa rayukansu suna hannun maharbin da ke zaune can a wutsiya. Duk wanda ya taɓa shiga gayya ya san wannan magana. In mutum ɗaya ya yi lalaci a kunyarsa, sahun duka ne ke karkacewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Steinbeck kuma ya fahimtar da wannan da harshe mai sauƙi, wanda ɗan aji huɗu na midil zai karanta ba tare da ya yi ta buɗe ƙamus ba.

To, amma fa ku tuna wanda ya sa aka yi aikin. Littafin neman soja ne, an rubuta shi domin samari su yi sha'awar shiga, iyayensu kuma hankalinsu ya kwanta. Maroƙi kuwa ba ya faɗin aibin ubangidansa a gaban taro. Saboda haka akwai abubuwa uku da marubucin ya tsallake.

Na farko, wahalar jirgin kansa. Liberator yana da taurin tuƙi, sai matuƙi ya sa ƙarfin damtse, ga shi kuma da saurin kama wuta in harsashi ya sami tankin mai. Hanyar da ta ratsa rumbun bom daga gaba zuwa baya faɗinta inci 9 ne kacal, mutum yakan bi ta da ƙyar sanye da kaya masu kauri. A can sama, wajen ƙafa 25,000, iskar numfashi ba ta isa, sai kowa ya ɗaura abin shaƙa a hanci, sanyi kuma ya kai inda in mutum ya taɓa ƙarfen bindiga da hannu tsirara fatar takan manne. Maharbin ƙasan ciki yakan duƙunƙune cikin wani ɗan ƙoƙon gilashi da ƙarfe, gwiwoyinsa kusa da kunnuwansa, sa'o'i da dama.

Na biyu, mutuwar samarin. Littafin ya ƙare suna tashi za su fagen fama, mai karatu bai ga wanda bai dawo ba. Ga abin da ya biyo baya. A 1942 wata ƙungiyar Liberator ƙarƙashin Kanar Halverson ta bi hanyar nan ta Afirka zuwa Hartum, ta wuce Masar, a watan Yuni jirage 13 daga cikinta suka kai hari matatun mai na Fuloyeshti a ƙasar Romaniya, inda Jamus ke samun mai da yawa. Ranar 1 ga Agusta 1943 aka sake komawa daga Bangazi da jirage 178, suna tafiya ƙasa-ƙasa kamar za su taɓa itatuwa. Fiye da jirage 50 ba su dawo ba, mutum fiye da 300 suka mutu a yini ɗaya, matatun kuwa ba a daɗe ba aka gyara su. Rundunar sama ta takwas ta Amurka, wadda ta yi yaƙi daga Ingila, ta rasa mutum wajen 26,000.

Har wa yau, dogaron nan da juna da Steinbeck ya yaba yana da nasa ɗaci. Ranar 4 ga Afrilu 1943 wani Liberator mai suna Lady Be Good ya tashi daga kusa da Bangazi da mutum 9, fitarsu ta farko ke nan, aka aike su Nafoli ta Italiya. Da suna komowa da dare sai suka wuce sansaninsu ba su sani ba, suka nausa cikin Hamada mil fiye da 400 har mai ya ƙare, suka diro da laima. Takwas suka haɗu, suka yi ta tafiya cikin rairayi da ɗan ruwan da bai cika gora ba, har ƙishirwa ta kashe su. Sai a 1958 aka hango jirgin, a 1960 aka tsinci gawarwakin mafi yawansu. Kuskuren lissafin hanya ɗaya ya cinye su duka. A littafin kuwa jagora ba ya ɓata.

Na uku, wanda ya fi nauyi, mutanen da ke ƙasa. Marubucin ya yi zancen na'urar auna bom kamar ba ta kuskure. Amma binciken da Amurkawa da kansu suka yi bayan yaƙi ya nuna cewa wajen kashi 20 cikin 100 ne kawai na bom ɗin da aka auna wani wuri ya faɗa cikin ƙafa 1,000 daga wurin. Sauran fa? Kan gidaje, da kasuwanni, da gonaki. A Hambog ta Jamus, a watan Yuli na 1943, manyan jirage, galibinsu na Ingilishi, suka ƙone gari, mutum wajen 40,000 suka halaka. Mu ma abin bai yi mana nisa ba: a Janairu 1942 wani jirgin Jamus ɗaya ya ƙetaro Hamada ya jefa bom a Fort Lami, wadda ake kira Njamena yanzu, ya ƙone man da aka tara domin jiragen wannan hanya. Abin mamaki, Steinbeck ne fa ya rubuta The Grapes of Wrath a 1939, labarin manoman da fari da bashi suka kora daga gonakinsu. Mutumin da ya san zafin rabuwa da gona, a nan bai leƙa ƙasa ya ga wanda bom ya raba da tasa ba.

Sai dai a yi masa adalci. Ya rubuta littafin ne tun Amurka ba ta ɗanɗani yaƙin sama sosai ba, kuɗin littafin kuma ya bayar ga asusun taimakon mayaƙan sama da iyalansu. A 1943 ya tafi Ingila a matsayin wakilin jarida, ya zauna da masu shiga irin waɗannan jirage, ya rubuta tsoronsu, da camfe-camfensu, da shirun da ke sauka ɗakin kwana in gadon wani ya kwana ba kowa. An tara waɗannan rubuce-rubuce a 1958 cikin littafin Once There Was a War. Gani ya kori ji, alƙalaminsa ya sake.

Shawararmu ita ce ku karanta littattafan nan biyu jere, na 1942 tukuna, sa'an nan na 1958, ku gwada su da kanku. Ku ɗauki darasin aiki tare daga na farko, gama gaskiya ne, zai kuma amfane ku a gona da makaranta. Amma duk littafin yaƙi da ya shigo hannunku, ku tambaya wa ya sa aka rubuta shi, a wace shekara, su wa kuma aka bari a waje. Faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi, jirgin da ke ratsa sama yana ƙyalli ma haka. Akwai mutum goma a cikinsa suna rawar ɗari, akwai kuma wani gari a gabansa da masu barci a ciki. Allah ya kiyashe mu da ganin irin wannan rana.