Turancin da Ke Shiga ta Ƙafa

Yaron Tudun Wadan Zariya ba ya tsoron hadda. Ya saba da ita tun daga makarantar allo, don haka in aka rubuta masa jimlar Turanci zai rera ta tsaf, ko bai san me take nufi ba. Malamar da ta san hannunta ba ta ruɗuwa da wannan amo.

Sai ta ajiye alli, ta ce "stand up", ta miƙe, yara su miƙe. Ta ce "touch your nose", ta kama hancinta. Ba ta fassarawa, ba ta kuma matsa wa kowa ya yi magana. Gwanintar tana wurin da za ta daina nunawa: ta ba da umarni hannayenta a baya, ta zuba ido. Wanda ya saci kallon na kusa da shi kafin ya motsa, ta san da sauransa. Can sai ta haɗa kalmomin da suka riga suka sani ta wata sabuwar hanya, ta ce a ɗora takalmi a ka. Aji ya kaure da dariya, wanda bai gane ba kuwa ba zai yi dariya ba.

James Asher, malamin jami'a a San Jose ta Amurka, shi ya tsara wannan dabara a shekarun 1960, bayan ya lura jariri kan daɗe yana bin umarnin uwarsa kafin bakinsa ya buɗe. Iyayenmu mata dai ba su jira shi ba.

Daga nan sai tatsuniya. Gizo da Ƙoƙi take ɗaukowa, don yara sun san makircin Gizo, hankalinsu sai ya koma kan kalmomin. Wannan ya yi tafiyar kura, wancan ya yi rarrafen kunkuru, kuma duk inda wata jimla ta maimaitu sai malama ta yi shiru, aji ya ƙarasa. Zariya ba baƙuwar wannan hikima ba ce: nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, inda Abubakar Imam ya yi aiki, shi da ya rubuta wa 'yan makaranta Magana Jari Ce ya sa aku yana koyarwa da labari.

Da yamma za ka ji wata 'yar aji biyu a zaure ta jera ƙannenta, hannayenta a baya, tana ba su oda da Turanci.