Ofis Ba Ya Zama Gida Don An Sa Masa Gado

A shekarar 2013 gwamnati ta sassauta doka a Ingila, ta ce mai ginin ofis na iya mayar da shi gidajen kwana ba sai ya nemi cikakken izinin ƙaramar hukuma ba. Hujjarta ƙarancin muhalli, kuma duk ɗalibin da ya taɓa neman ɗakin haya a Landan ya san ba ƙarya ta yi ba.

Amma ni dai ban gamsu ba. Ku dubi Terminus House da ke Harlow, bene mai hawa 14 da aka yayyanka gida-gida sama da 200 a 2018, aka riƙa turo iyalai marasa muhalli daga Landan, nesa da dangi da makarantun 'ya'yansu. Ginin ofis faɗin ciki gare shi, tagogi a gefe kawai. In aka rarraba shi, tsakiya sai duhu. Sai a 2020 aka wajabta shigar hasken rana, a 2021 aka ce kada gida ya gaza murabba'in mita 37. Ihu bayan hari! Waɗanda aka yayyanka kafin nan ba a tilasta a gyara su ba.