Keken Lantarki na Haɗin Gida: Gwanintar Hannu da Iyakarta

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya kau, lissafin tafiya ya canza a karkarar Jigawa. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce dubu. Mutanen ƙaramar hukumar Taura ba sa buƙatar a gaya musu abin da tsadar mai ke jawowa. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a garinsu na Majiya, jama'a suka fito kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A cikin wannan matsi ne aka koma kakkaɓe kekunan da aka jingine a zaure, samari masu kaifin ƙwaƙwalwa kuma suka fara tunanin ɗaura wa keke injin lantarki.

Haɗe-haɗe ba baƙon abu ba ne a Arewa. Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano sun daɗe suna mai da bola kayan aiki. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya cire wa ƙananan motocin bas injin fetur ya sa musu na lantarki. Sana'a ce mai tarihi, tana kuma da ƙa'idarta: a gani, a taɓa, a saurara, a gwada. A ganina wannan ƙa'idar ce ke kai maƙerin keken lantarki rabin hanya, ita ce kuma ke yasar da shi a sauran rabin.

A fara da injin. Abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi a wurin 'yan gwangwan shi ne injin waifar mota ko kik ɗinta. Na waifa ba shi da ƙarfin jan mutum, kik kuwa an yi shi ne ya yi aikin daƙiƙoƙi kaɗan, idan aka matsa masa sai ya zuƙe batir ya ƙone. Wanda ya fi dacewa shi ne ɗan injin nan na Sin mai wat 250 da ake sa wa ƙananan babura na yara. Sai dai yana juyawa kusan sau 2,700 a minti ɗaya, alhali ƙafar keke mai inci 28, irin ta Raleigh da Phoenix, kewayenta kamar mita 2.2 ne, don haka juyi 150 a minti ya ishe ta gudun kilomita 20 a awa. Ke nan sai an rage gudun injin har ninki 18. Idan farantin da ke bakin injin haƙoransa 11 ne, na jikin ƙafa zai buƙaci kusan 200, wanda babu shi a kasuwa.

A nan gwanintar bakin titi ke haskawa. Mai walda zai dasa ɗan sandan ƙarfe a tsakiya, ya rage gudun a mataki biyu da sarƙa biyu. Mai gyaran keke zai sa firiwil a gefen hagu na ƙafar baya, domin idan injin ya tsaya ƙafa ta ci gaba da juyawa, feda kuma kada ta bugi ƙwaurin mahayi. Zai runtse ido ɗaya ya duba ko sarƙar ta miƙe, ya danna ta da babban yatsa ya ji tsaurinta, ya juya ƙafar ya kasa kunne. Idan akwai karkata, kunnensa zai riga idonsa ganewa. Wannan ilimi ne na gaske, kuma ba kowane mai digirin injiniya ke da shi ba. Akwai gajeriyar hanya, wato a sayo ƙafar da injin ke cikin cibiyarta a ɗaura kawai, amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin masu wannan sha'awa, kuma a hanyar yashi tana saurin ɗaukar zafi.

Batir ne inda ido da kunne ba su da amfani. Batirin ruwa ko na dalma ana samunsa ko'ina, amma guda uku masu bolt 12 nauyinsu ya kai kilo goma sha wani abu. Shi ya sa ake farke tsofaffin batiran laftof a ciro ƙwayoyin litiyam da ake kira 18650. Kowace ƙwaya bolt 3.6 take bayarwa. A jera goma a sami bolt 36, a yi layi huɗu a sami ƙwaya 40 da nauyinsu bai fi kilo biyu ba. Idan sababbi ne, za su kai mutum kilomita 25 zuwa 30 a kan kwalta. To, amma waɗannan ba sababbi ba ne. Ƙwaya biyu za su yi kama ɗaya, launi ɗaya, mita ta nuna bolt iri ɗaya, alhali ɗaya ta rasa rabin ƙarfinta. Ba a gane haka sai an cika kowace an sauke ta an rubuta abin da ta riƙe, aikin kwanaki ne na haƙuri da biro da takarda. Tarbiyyar gareji ba ta koyar da wannan. Yaron shago yana koyo ne da kallon hannun ubangidansa, abin da ba ya bayyana a hannu kuwa ba ya shiga darasi.

Sakamakon sananne ne ga duk wanda ya san litiyam. Raunanniyar ƙwaya ita ke fara ƙarewa, ita ke fara cika, kuma idan ba a sa ɗan allon da ke daidaita caji ba, za ta yi ta cin wuta har ta kumbura. Liƙa ƙwayoyin da dalma mai zafi yana ƙara lalata su. Ga zafin Afrilu a wannan yanki da ke haura digiri 40, ga ɗakin kwano. Wutar litiyam idan ta tashi tana bin ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma galibi a ɗakin kwana ake caji. Abin takaici shi ne cajin kansa bai kamata ya zama matsala ba: faifan sola mai wat 200, irin wanda ya cika shagunan cajin waya da gonakin rani, zai cika wannan batir cikin awa uku na rana mai kyau.

Ilimin ya rarrabu ne a hannun mutum huɗu da ba su cika zama wuri ɗaya ba: mai keke, mai walda, rewaya, da mai gyaran waya, wanda shi ne ya fi sanin halin batir. Yadda muke yabon ƙirƙira ma bai taimaka ba. Saurayi zai zagaya fili a bidiyo na minti ɗaya, a watsa a Facebook da TikTok, a yi ta kiran gwamnati ta ɗauki nauyinsa, ba wanda zai tambayi halin keken bayan wata uku. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ga mai haɗawa da mai tafi baki ɗaya.

Jarrabawar da ta dace da keken Taura ita ce ranar Lahadi, hanyar kasuwar Gujungu, da buhun gero a kariya, ana ratsa yashi kafin a hau titin Kano zuwa Haɗeja. A yashi injin yana jan wuta ninkin abin da yake ja a kwalta, sifok suna sassautawa, ƙura tana cin sarƙa. Sannan ga birki. Tsohon keken kariya birkin sanda gare shi, roba biyu masu matse bakin ƙarfen ƙafa, an yi su ne don gudun ƙafar mutum. Wanda ya ƙara wa keken nauyin batir da gudun kilomita 25 bai taɓa birkin ba, zai gane kuskurensa a gaban tirelar farko da ta tsaya masa ba zato.